Yadda Ake Tara Iccen Ɗari a Tsakiyar Bazara Don Kada a Kai Ki Sakkwato

Ranar da labari ya iske ni ina zaune a inuwar dogon yaro na tsakar gida ina fifita da faifai, rana ta take tsaka, kaji duk sun buɗe baki. Sai na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Marwan ne, ƙanen maigidana, yana jan jakin yayansa, an ɗauro wani gungumen kirya da ya kusa fin amalanken tsawo. Na ce, "Ina mai jakin?" Ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Wai can wajen Turba Malam ya je ɗauko iccen. Da aka gama ɗorawa ya zauna a inuwa ya sha ruwa, ya jingina, bai sake tashi ba. Icce ya iso gida, mai icce sai da yamma aka kawo shi.

Allah Ya jiƙan Malam Na'Allah. Tun da aka kawo ni gidansa nan Kamarawa, kowace shekara lokacin da zafi ya fi tsanani, kowa na neman inda zai sa kansa, shi lokacin yake tara iccen jin ɗumi na ɗari.

Ba don ki yi kuka na kawo wannan ba, don ki san wurin gwana kika zo. In ke ma maigida ya riga ki, kina da ɗa a birni da ya rantse sai ya ɗauke ki daga ɗakinki ya kai ki gidansa, ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na gwada a kan nawa ɗan, Kamaluddeen, mai digiri da mota. Ga bazara ta sake zagayowa, ga ni a ɗakina. Wannan hanya ba ta kuskure.

Mataki na ɗaya: Ki sauya ra'ayi, kada ki ji kunya

Daga yau ke mai son ɗari ce. Ko duk unguwa ta san ba haka kike ba, ki tsaya a kai.

Ni dai mutuniyar zafi ce tun ina budurwa. A bazara ki shanya wanki, kafin ki juya ya bushe. Ki yi wanka ba sai kin dafa ruwa ba. Ga mangwaro, ga kwana a waje bisa tabarma, ƙafa sumul babu faso. Ɗari kuwa me ya ajiye? Leɓe ya tsage, hanci na zuba, alwalar asuba kamar an yanke maka hukunci.

Malam kan ce, "Binta, ɗari na da magani. Ga wuta, ga bargo. Zahi hwa? Ko hwatarki kinka tuɓe yana nan."

Ni kuma in ce, "Maganin zahi inuwa, kuma ba a hawa jaki a je neman ta."

Haka muka yi ta yi har furfura ta cim mana, ba wanda ya kada wani.

To duk wannan ki haɗiye shi. Maƙwabciyata Maijidda, wadda danga kawai ta raba mu, da ta ji na fara yabon ɗari sai ta leƙo ta ce, "Ke Binta, ba ke ce ke shiga bargo tun la'asar kina tsine ma iska ba?" Na ce, "Waccan ƙuruciya ce." Ta ce, "Bara-bara ɗin nan?" Na ce, "Mutum na girma kullum."

Mataki na biyu: Ki ci takabarki a tsanake, ki koyi icce

Muddin kina takaba babu mai iya ɗaga ki, ko ɗanki gwamna ne. Kada ki ɓata wannan lokaci wajen kallon bango. Ki fita bayan ɗaki inda marigayi ya jibge iccensa ki san kowane da halinsa, don mai ƙarya ba ilimi da wuri ake kama shi.

Kirya ita ce sarki. Ba ta saurin kamawa, in ta kama kuwa garwashinta sai ya kai ki safe. Marke waziri ne. Sabara fushin yaro ce, ta tashi fuu ta mutu. Dogon yaro yana ci, amma hayaƙinsa sai ya sa ki kuka ba a yi miki komai ba. Tumfafiya kada ki ko kalle ta, irin mutanen nan ne masu yawan magana ba aiki.

Ki ɗora iccen bisa duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. Gara ba ta san gidan makoki ba.

Mataki na uku: In ɗanki ya kira, ki sa babansa gaba

Ana gama takaba wayar za ta yi ƙara. Ki bari ta ɗan jima tana kuka, mai aiki ba ya ɗauka da sauri.

Nawa ya ce, "Inna, an gyara miki ɗaki. Ranar Asabar za ni zo in ɗauke ki."

Kada ki ce ba ki zuwa. Ɗa mai mota in aka ce masa a'a sai ya taho da kawunnansa. Ki yi ajiyar zuciya ki ce abin da na ce: "To Kamalu, iccen babanka hwa? Mutum ya bar duniya a kan icce, sai mu ja ƙohwa mu bar ma gara? Wa za ya ji ɗuminsa?"

Daga nan kada ki ƙara ko kalma. Can ya ce, "To Inna, in ɗari ya wuce, icce ya ƙare, sai ki taho." Na ce, "In ya ƙare."

Ki riƙe wannan kalma da kyau. Ita ce jarinki.

Mataki na huɗu: Ki ƙona da hannu ɗaya

Ɗari zai zo. Ba yadda za ki yi, sai kin hura wutar nan, don Marwan na wucewa yana duba ko hayaƙi na fita, kuma shi ne kunnen Kamalu a garin nan.

Ki sa kasko a tsakar ɗaki bayan magariba, ki fara da kara da ƙirare, ki sa bakin icce guda ɗaya, in ya ci ki tura kaɗan. Kaɗan na ce. Ki bar ƙofa a ɗan buɗe don hayaƙi. Ki binne dankali a toka, ki watsa gyaɗa a gefe. Kafin ki ankara Maijidda ta shigo da kujerarta, wai wuta ta zo ɗiba, ba za ta tashi ba sai dankali ya ƙare.

Babban gungumen kirya kuwa, wanda ya zo a amalanke, kada ki bari gatari ya kusance shi. In an tambaya ki ce bai gama bushewa ba. Kirya ba ta magana, ba za ta ƙaryata ki ba.

A nan za ni gaya miki abin da ban yi tsammani ba. Wutar na da daɗi. Gaba ya yi ɗumi, baya na sanyi, ki juya kamar masa a tanda. Na so a ce akwai wanda za ni ƙi gaya wa haka.

Mataki na biyar: Bazara na kamawa ki fara tari

Wannan shi ne zuciyar aikin. Iccen da ba a so ya ƙare, tun ana zufa ake ƙara shi.

Matan ruga na wucewa da dammuna a ka, ki tare su ki yi musaya da dawa. Reshen da iska ta karya, naki ne. Turmin da ya tsage, icce ne. Kada ki jibge sabo a sama inda za a gane, ki cusa shi ta ƙasa da ta baya, ki watsa masa ɗan toka ya yi kamar ya daɗe.

Sannan ki koyi yin kewar ɗari a bainar jama'a. Gidan suna ko gidan biki, lokacin da mata ke fifita da bakin mayafi ana cewa wannan zafi sai dai a yi ta istigfari, ke ki dubi sama ki ce, "Allah Ya kai mu lokacin jin ɗumi." Zufa na bin bayanki, ƙuraje sun fito miki a wuya, duk da haka ki faɗa da murmushi. Za a ce mutuwar miji ta taɓa ki. Ki bar su. Wadda ake tausayi ba a cika yi mata gardama ba.

Mataki na shida: Ki yi hattara da surukar kirki

Mugun mutum sauƙin sha'ani gare shi. Mai kirki shi ne wahala.

Satin da ya wuce sai ga su da rana tsaka, Kamalu da matarsa Lailatu. Yarinyar nan ta durƙusa har ƙasa, ta kawo mini turmin atamfa da ƙanƙara a kula, ta karɓi faifai tana yi mini fifita. Ta ce, "Inna, ɗakinki akwai fanka, akwai firji. Har na'urar sanyaya ɗaki ya sa miki. In kin shiga sai kin ja bargo."

Ki lura, nan ne za ki iya zamewa, don ruwan ƙanƙarar nan ya kai mini har ƙafa. Na daure na ce, "Wato ɗari kunka saya kunka sa a bango, babu wutar jin ɗumi? Kuma in an ɗauke lantarki ɗarin ya bi shi?"

Kamalu bai yi dariya ba. Ya zagaya bayan ɗaki, ya tsaya gaban iccen ya riƙe ƙugu.

"Inna, iccen ga ya hi na bara yawa."

"Zahi ne ke kumbura shi."

"Wanga ba turminki ne ba?"

"Ya yi ritaya."

Sai ya ce, "To shi ke nan. Za ni kira mota babba daga garin Isa a kwashe shi duka, har gungumen, a kai Sakkwato. Ke da iccenki ku tahi tare."

Ban shirya wa wannan ba. Ke ki shirya. Allah Ya taimake ni na tuna gidan haya suke, bene na sama. Na ce, "A ina za ni hura? Bisa tayil? Silin ɗin nan hwari ya koma kamar gindin tukunya, mai gida ya kore ku da ni da icce?" Lailatu ta sa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Suruka in ta yi dariya, rabin shari'a ya ƙare.

Mataki na bakwai: In ƙarya ta ƙare, ki faɗi gaskiya, amma kaɗan

Sauran rabin ya fi wuya. Ya dawo ya zauna a bakin tabarmata, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi.

Ya ce, "Inna, a gidan ga na tashi. Na san wa ke son ɗari, na san wa ke zagin shi. Ni tsoro nike ji. Baba ya zauna a inuwa shi kaɗai, sai daga baya anka gani. Ba ni son a kira ni a ce haka ta samu ke ma."

A nan dabara ba ta da amfani. Na ce, "Kamalu, da damana babanka na gona. Da kaka yana sussuka da kai hatsi kasuwa. Da bazara yana yawon icce. Ɗari kaɗai ke zaunar da shi a ɗakin ga, daga magariba har barci, ni da shi da kasko, muna gardama. In na hura wutar ina jin kamar ya ɗan hita ne. A bene ban san inda za ni zauna in ji haka ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kada ki ƙara, in kin ƙara kuka zai zo ya ɓata miki ciniki.

Sai ya tashi ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ya ce wa Lailatu ta miƙo masa ledar da ke bayan mota. Ya tuɓe rigarsa ta shadda, ya rufe iccen da leda, ya ɗora zana, ya danne da duwatsu. Ya ce, "Ruwa ya kusa. In ya jiƙe hayaƙi za ya dame ki."

Daga nan ya ɗauki adda ya nufi dangar da ke tsakanina da Maijidda, ya yi sallama ya nemi izinin mijinta, ya buɗe ƙofa daidai wucewar mutum ɗaya. Ya ce kullum da safe ta leƙo ta ga na tashi, in ba ta ji motsina ba ta kira shi. Maijidda ta ce, "Ni da nike tsallake danga don dankali, yanzu an yi mani hanya?"

Da za su tafi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Inna, in ya ƙare ki gaya mani." Na ce, "In ya ƙare." Mu duka mun san abin da muka ce.

Gargaɗi

Ni Binta ba ruwana da abin da zai biyo baya. In kunama ta tare a cikin iccenki ta harbe ki, ke da ita. In ɗanki ya fi nawa taurin kai ya zo da babbar motar da gaske, kada ki ambaci sunana a hanya. In an buɗe miki ƙofa a danga maƙwabciya ta cinye miki dankali da gyaɗa, ba ni biya. In kuma garin yabon ɗari na ƙarya kika wayi gari kina son shi da gaske, wannan ciwo ne da ban san maganinsa ba, ni ma ina fama.

Yanzu dai zafi ake yi, na gaske, irin wanda nake so da. Butata a waje take kwana. Kullum da asuba kafin in fara alwala sai in tsiyaya ruwan kaɗan a bayan hannuna in tsaya in ji. Yau ma da ɗumi, kamar an sauke shi daga murhu. Da saura.