Motar da Na Haɗa a Fadama

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin na yarda na rubuta wannan.

Motocin kamfanin Turawa masu jigilar gyaɗa sukan mutu a hanya a bar su. Na yi ta tsintar ƙarafansu, inji nan, tayoyi can, har na haɗa 'yar mota marar rufi, wadda na rantse za ta tsere wa ta Joji, Baturen kamfanin. Don gudun bakin mutane, a fadama na yi aikin, bayan garin Haɗeja. Kowane noti sai na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa. Birki kaɗai ya ƙi kamawa, ga shi na yi wa surukina alkawarin kai shi kasuwar Kafin Hausa. Na kasa cin abinci, ina ta hango tsohon cikin rami.

Wani masunci, Baba Bukar, ya ce, "Malam, nan fa makwancin kogi ne."

Na ce, "Baba, ni da na auna komai?"

Wurin ne kawai ban auna ba. Kogi ya cika, ya shanye motar har sitiyari. Wallahi ranar na ci tuwo har da ƙari.

Da ruwa ya janye, Baba Bukar ya kwashi tarwaɗa a mazaunin direba, ya kai wa surukina, ya ce, "Ga fasinjojin da suka riga ka." Tun daga nan na zama Direban Tarwaɗa, har a bakin matata.

Don Allah, wanda ya san ko injin da ya yi damina a ruwa yana tashi, ya faɗa mini a asirce. Surukin nawa yana nan yana tambayar ranar tafiya.