Rasuwar Motiben, Wadda Ba Ta Ga Sabon Ƙarni Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su bushe ba, Hasmukhbhai Thakkar na birnin Rajkot a ƙasar Indiya, mai saye da sayar da hannun jari, yana sanar da dangi da abokan kasuwa rasuwar kwamfutarsa, Motiben. Ta cika ne da hantsin Asabar, ɗaya ga Janairu, 2000, a gaban iyali.

Marigayiyar ta shigo gidan a 1995. Tun daga nan take nuna wa maigida farashin kasuwa, kuma ba ta taɓa yi masa dariya ba, ko a ranar da ya sayi hannun jarin wani kamfanin siminti ana jibi zai rufe. Idan an tashe ta da safe takan ce "ƙirrr, ƙirrr, tit!" Tana da nawa, wannan gaskiya ne, domin kafin ta gama buɗe ido uwargida Kokilaben ta dafa shayi har ya huce. Amma ba ta da gulma.

Tun bara ake raɗe-raɗin annoba. An ce kwamfutoci da lamba biyu suke rubuta shekara, don haka idan 99 ta ƙare za su ga 00, su ɗauka an koma 1900, su haukace. Masu zuba jari suka rabu biyu a teburin mai shayi. Jagdishbhai, ƙanin uwargida, yana ɓangaren masu kwanciyar hankali.

"Yaya, gwamnati fa ta ce ta shirya tsaf," in ji shi. "Har kwamiti aka kafa."

"Kwamiti?" in ji Hasmukhbhai. "Ramin ƙofar gidana ma kwamiti aka kafa masa. Jiya saniya ta faɗa ciki."

A wurin ya rantse gaban jama'a cewa Motiben za ta ga sabon ƙarni da idonta, ba tare da taimakon kowa ba. Ya rataya mata lemun tsami da barkono saboda kambun baka. Ya lulluɓe ta da mayafin surukarsa. Sannan ya mayar da agogonta baya shekara ashirin da takwas, domin ranakun 1972 sun yi daidai da na 2000, in annobar ta zo nema ta tarar ba kowa a gida.

Gari ya waye, wuta na nan, famfo na zuba, jirgin ƙasa ya wuce da lattinsa na kullum. Jagdishbhai ya iso da kwalin alewa da wani murmushi mai ban haushi. Aka danna Motiben, ta ce "ƙirrr, ƙirrr, tit!"

Daɗi ya kashe maigida. Ya ɗauko kwakwa zai fasa don godiya, kamar yadda ake yi wa sabuwar mota.

"Baban Hetal, a ƙasa ake fasawa!" in ji Kokilaben.

"Ƙasa ce ta tsallake ƙarni, ko ita?"

Ya buga kwakwar a gefen teburin. Ruwan ya yi tsalle ya shige ta ramukan da take numfashi. Marigayiyar ta ce "tsssss," ta saki ɗan hayaƙi mai ƙamshin girki, shi ke nan. Maigida ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma har yau ba ya son ganin kwakwa ko a miya.

Ta bar firinta ɗaya mai fama da tari, da faifai goma sha bakwai waɗanda yanzu ba mai karanta su, da janareto da buhun shinkafa shida da aka tanada saboda tashin duniya.

Za a yi zaman makoki ranar Alhamis daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, da fararen kaya. Ba za a ƙona gawar ba saboda maƙwabta sun yi ƙorafin warin roba. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da kekensa ya raka ta. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ambaci gwamnati, kada kuma su zo da Jagdishbhai.

Za a rataya wa hotonta furanni. A ƙarƙashinsa maigida ya sa a rubuta shekarar da ita kanta ta nuna a fuskarta kafin ta rufe ido: an haife ta 1995, ta rasu 1972.