Man da Gwaggo Take Sha

A Kwarin Maje, gida na ƙarshe kafin hanya ta gangara maƙabarta, nan ne gidan marigayi Jatau Direba. Ya rasu ya bar mutum uku da mota ɗaya. Akwai matarsa Inna Delu, akwai babban ɗansa Shitu, mai gaggawa da son a ce ya waye, sai ƙaraminsu Cindo. Cindo ya haura shekara talatin, amma in ka ce masa ya jira ka a nan, to sai ka dawo ka ɗauke shi, ko da ruwan sama ake tafkawa. Motar kuwa tsohuwar akori-kura ce, ta girmi Cindo nesa ba kusa ba. Jatau yakan ce ƙanwarsa ce, shi ya sa duk gari ake kiranta Gwaggo. Ita ke kai mutane kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, in kwana ya ƙare kuma ita ke dawo da shi. A gindin tsamiyar ƙofar gida take kwana, kuma tun da aka binne mai ita, mata ba sa son wucewa ta gabanta su kaɗai.

Jatau ya koya wa Cindo tuƙi, kuma ya iya, don duk abin da aka nuna masa haka yake yi, ba ragi ba ƙari. Abu ɗaya ne tsohon bai gaya wa kowa ba, wato irin baƙin man da yake zuba wa injinta. Shi kaɗai yake sayowa daga birni, ya juye a wata jarka marar rubutu. Shitu dai tun ranar sadakar bakwai yake cewa a kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su yanka motar kowa ya huta. Duk sanda ya faɗi haka, Cindo sai ya fita ya zauna jikin tayarta ya ƙi cin tuwo. A duniya ba abin da ya rage masa na ubansa sai ita.

Wata rana Cindo ya tuna da wasiyyar tsohon: "Kullum da safe ka zaro sandar awon mai ka duba." Ya ɗaga bonet, wato murfin injin, ya zaro sandar, ya duba ta da kyau tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya taɓa cewa ya mayar, don da can Jatau ne ke karɓa ya mayar da hannunsa. Sai ya soke ta a aljihu, ya ja mota ya kai mutane kasuwa ya dawo. Da Shitu ya ɗaga bonet da yamma, ya ga mai ya yi ta fantsama daga ramin sandar ya manne a cikin murfin. Ya tsaya yana kallo. Tabon ya fito da tafi da yatsu biyar, sai ka ce wani ya dafa murfin daga ciki yana son ya ɗaga.

"Ina sandar?" in ji Shitu.

"Ga ta, Yaya. Na duba, lafiyarta ƙalau."

Kafin magariba labari ya zagaye gari cewa hannun Jatau ya fito a jikin Gwaggo. Shitu ya goge tabon da tsumma yana faɗa, amma bai sake yarda ya ɗaga bonet shi kaɗai ba. Ragowar man jarkar nan kuwa, a ranar aka ƙarasa zuba shi.

Wata rana Shitu ya dawo daga birni da galan mai sheƙi. Ya ce wannan shi ne man zamani, shi sababbin motoci suke sha, mai sayarwa ma ya rantse masa. Man tsinkakke ne, yana zuba shar kamar ruwan shayi. Cindo ya murza shi tsakanin yatsu, ya dubi wansa, sannan ya zuba wa Gwaggo, tunda haka aka ce masa. Washegari ya ɗebi 'yan kasuwa, suna gangarawa daidai maƙabarta injin ya ɗau zafi, sai aka fara jin ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikinsa. Jatau kuwa ya taɓa ce masa: "In ka ji ta canza murya, ka tsaya ka saurara har ta gama." Nan take Cindo ya taka birki, ya bar injin a kunne, ya kwantar da kunnensa a kan sitiyari.

"Cindo, mu tafi mana!" in ji wata mai kayan daddawa.

"Ba ta gama ba."

Rana tsaka ce, amma ko tsuntsu ba ya kuka. Wani shuɗin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa, bai tashi sama ba, ya bi ƙasa ya shiga tsakanin kaburbura ya kwanta. Ƙwanƙwasar nan kuma ba ta fasa ba, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, irin ta mai haƙuri da ke jiran a buɗe masa. Mai daddawa ce ta fara sauka. Sauran suka bi ta, ba mai magana, ba mai waiwaye. Cindo ya zauna nan har la'asar, sai da fetur ya ƙare motar ta yi shiru. Shitu ya iso yana huci.

"To, uban 'yan saurare, me ta ce?"

"Ta ce ba ta son sa, Yaya."

Wata rana aka kira Isuhu mai gyaran babur, don garin ba bakaniken mota. Isuhu ya saurari injin ya girgiza kai. Ya ce tsohon inji cikinsa ya riga ya buɗe, tsinkakken mai ba ya riƙe shi, zurarewa yake yi ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe, ragowar kuma ya ƙone ya zama hayaƙi. "Je ka birni, Cindo, ka samo mai kauri. Ka ji ko? Mafi kauri." Da Isuhu ya san wanda yake aika, da ya rage kalmar ƙarshe. Cindo ya bi layin masu mai rumfa rumfa yana tsoma yatsa a kowace duro, har ya kai kan wanda ake zuba wa akwatin giyar manyan motoci, baƙi ƙirin, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ka karkata galan sai ka jira shi ya yi shawara kafin ya fito. Ya dawo ya ɗura wa Gwaggo. Da safe, an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, ya murɗa makulli. Injin ya ja wani dogon nishi, ya tsaya, ya sake ja da ƙyar. Inna Delu tana tsakar gida, ƙwaryar hannunta ta suɓuce. Ta san wannan numfashin. Kwana tara ta yi tana jin sa a ɗakin Jatau kafin ya cika.

"Kashe! Don Allah kashe ta!" ta yi ihu, tana kuka.

Isuhu ya zo a guje ya tsiyaye man, ya rantse ba zai ƙara sa baki ba, tunda shi lambar man mota ba saninsa ba ce. Shitu ya ce magana ta ƙare. Na zamani ya ƙi, mai kauri ya ƙi, ran Laraba mai gwangwan zai zo da gudumarsa.

Wata rana, ita ce Larabar, Cindo ya tashi zuciyarsa a dagule. Ya tambayi liman wane mai Gwaggo take sha, liman ya ce Allah ne masani. Ya tambayi mai shayi, mai shayi ya yi dariya. Ya dawo ya tsaya kan Inna Delu tana daka.

"Inna, wane mai Baba yake ba ta?"

"Ban sani ba."

"Inna, wane mai ne?"

"Kai Cindo, ka ƙyale ni da abin da ke damuna! Ni na sani? Je ka tambayi babanka!"

Ta ci gaba da dakanta, ba ta ga fitarsa ba. Da hantsi Cindo ya shiga maƙabarta. A Kwarin Maje ba a gina kabari, sai dai a yanko ɗan fallen gwangwani, a rubuta sunan mamaci da fenti, a kafe a jikin guntun itace wajen kai. Cindo ya durƙusa gaban na Jatau, ya yi sallama, ya yi addu'a yadda aka koya masa, sannan ya ce: "Baba, Inna ce ta aiko ni. Wane mai Gwaggo take sha? Yau za a yanka ta." Ya naɗe hannu yana jira. Ba iska, ko ganye ba ya motsi. Can sai fallen ya yi ɗan ƙara, ya karkata, ya faɗo a gaban gwiwarsa. Cindo bai ji tsoro ba ko kaɗan, don haka tsohon yake tun yana da rai, in ka tambaye shi abu ba ya magana, miƙo maka yake yi. Ya ɗauka da hannu biyu ya yi godiya.

Ya tarar da ƙofar gida cike. Mai gwangwan ya iso, har ya fara zagaya Gwaggo yana bubbuga ta. Da mutane suka ga abin da ke hannun Cindo, da sunan Jatau a jiki, sai aka dare masa hanya. Inna Delu ta ɗora hannu a ka tana salati. Shitu ya yi kansa zai kai masa mari, fallen ya faɗi ya kife. Isuhu ne ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya.

"Shitu, ai kai ka kafa shi. A ina ka samo gwangwanin nan?"

"Wani tsohon galan ne, a ƙarƙashin gadon Baba. Me ya faru?"

Isuhu ya goge bayan fallen da hannun riga. Tsatsa ta cinye sunan kamfanin, amma lambar man tana nan sarai: ashirin, sai harafi ɗaya, sai hamsin. Ya ce wannan shi ne, ya fi na Shitu kauri, bai kai haukan na Cindo ba. Ya manta da rantsuwarsa, ya hau babur, kafin azahar ya dawo da galan. Aka zuba, Cindo ya zaro sanda ya duba, Isuhu ya ce "mayar", ya mayar. Da ya murɗa makulli Gwaggo ta yi tari sau ɗaya, irin gyaran muryar dattijo a zaure, sannan ta daidaita. Ba ƙwanƙwasa, hayaƙin ma ɗan kaɗan. Mai gwangwan ya saɓa gudumarsa ya kama hanya, ko sallama bai yi ba.

Bayan la'asar Shitu ya sa Cindo a gaba suka tafi mayar da fallen. Yana tafe yana mita, wai da me ma ya ɓanɓaro shi, alhali shi Shitu ƙusa huɗu ya buga masa da hannunsa, har da lanƙwasa bakinsu ta baya.

"Ban ɓanɓaro ba, Yaya. Ba ni aka yi."

Suka isa. Itacen yana tsaye ƙyam, ko tsagewa bai yi ba. Ƙusoshin nan huɗu suna kan kabarin a jere, a miƙe sumul, kawunansu duk sun dubi gefe ɗaya, yadda Jatau yake jera ƙusa a kan bonet in zai yi aiki. Shitu ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya buga fallen da dutse, sau biyu yana dukan yatsansa.

Cindo ya durƙusa ya ce: "Baba, ta sha. Inna tana gaisuwa."

Washegari da safe, Shitu ya fito zai tafi gona. Da ya zo gindin tsamiya ya rage tafiya, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya ɗan rusuna ya ce a hankali: "Gwaggo, ina kwana?"