Garba Maje da Abubakar Salihu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a wani ajin firamare da ke unguwar Kwamba a Suleja, ranar da na saka babbar rigata ta Sallah na tara mutane don in tona asirin ɓarawo. An kuwa gano mai laifin a ranar. Amma bari in faro daga farko, don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Ni masinja ne. Shekara talatin da biyar na yi ina kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan a wata ma'aikata a Abuja, ina kwana a Suleja ina sammakon mota. Karatuna bai wuce firamare ba. Sai dai wanda ya daɗe yana yawo da fayil a hammata, a hankali yakan fara ji kamar abin da ke ciki ya shige jikinsa. Haka ta faru da ni. Har sa hannu na ƙirƙira mai wutsiya, wanda ake ja ya lanƙwashe ya dawo, sannan a ɗiga ɗigo biyu a ƙasa (na wani darakta na kwaikwaya, wutsiyar ce kawai tawa). Da muka yi ritaya muka kafa 'yar ƙungiyar tsofaffin ma'aikata mazauna Suleja, ba a gama tambayar wa zai zama sakatare ba na ɗaga hannu. Tun daga nan sunana ya ɓace, kowa sai Sakatare.

A cikinmu akwai Malam Garba, mutumin Maje da ke gefen Suleja, wanda ya yi aikin kula da fulawa da ciyawar ma'aikatarmu. Ya girme ni kaɗan, kuma tare muka riƙa cin abincin rana a kwano ɗaya. Kowa ya fara karɓar fanshonsa, shi shiru, har shekara biyu. Duk lokacin da ya je kamfanin da ke riƙe da kuɗin fanshonsa sai a yi masa bayani da Turanci, ya gyaɗa kai, ya hau mota ya dawo wurina.

"Sakatare, sun ce bayanaina ba su haɗu ba."

"Ba su haɗu ba, ko an haɗiye?" in ji ni. "Malam Garba, ni na san ofis ciki da waje. Wani ne ya zauna a kan kuɗinka."

Akwai ranar da ya kawo mini wayarsa, wai an turo masa saƙo. Na duba, na ga wata doguwar kalma ta Turanci wadda ban taɓa cin karo da ita ba. Maimakon in ce ban gane ba, sai na ce masa 'yan damfara ne, na goge saƙon da hannuna. Ya yi mini godiya. (Allah Ya yafe mini. Har addu'a ya yi mini.)

Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne gona. Malam Garba yana da gonar gado a Maje, kuma gidajen bulo sun riga sun kewaye ta ta ɓangare uku. Masu gina rukunin gidaje sun matsa masa ya sayar. Ba ya so, don a nan mahaifinsa ya koya masa riƙe fartanya, amma gida ba ya ciyar da kansa. Ya ce da ni, "In ruwan farko ya sauka ban ga haske ba, zan sallama musu."

Ana cikin haka na ji a rediyo ana bayanin wata doka, wai duk ɗan ƙasa yana da 'yancin rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, kuma dole a amsa masa a rubuce. Aka ce har hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin fansho ba ta fita daga ciki ba. Na miƙe tsaye a tsakar gida. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce yau na samu sandar dukan ɓarayi.

Na zauna na rubuta wasiƙa shafi uku. Na kai wa shugabar ƙungiyarmu, Hajiya Rakiya, tsohuwar hedimastar firamare, don ta gani ta yaba. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Sakatare, wannan ai zagi ne shafi uku. Ina tambayar?"

Ta ja biro ta mayar da ita layi biyar: me ya tsayar da fanshon wannan bawan Allah, kuma a ba shi kwafin takardun da ke cikin fayil ɗinsa. Malam Garba ya dangwala yatsa, tunda maganarsa ce. Na ji haushin an zubar mini da kalmomi masu nauyi, amma na ɗauka na kai Abuja da kaina. Matar da ke karɓar wasiƙu ta ba ni kujera, ta buga hatimi a kwafina, ta miƙo mini. Ba ta ce in dawo gobe ba. Na ɗan ji wani abu a raina, don ni kaina ban san adadin mutanen da na ce wa su dawo gobe ba alhali fayil ɗinsu yana ƙarƙashin kwanon abincina.

Bayan 'yan kwanaki aka kira ni a waya, don lambata na saka a wasiƙar (ta wa kuma zan saka?). Na je, aka ba ni ambulan ruwan ƙasa, mai kauri, a liƙe. A mota hannuna ya yi ta ƙaiƙayin buɗewa, na hana shi. Na ce wannan ba abin buɗewa a ɓoye ba ne, sai a gaban jama'a, kowa ya shaida aikin Sakatare. Na bi mambobi gida-gida ina cewa kada wanda ya fasa taron Asabar.

Ajin ya cika. Dattawa sun matse a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Na tsaya a gaban allo na gyara babbar riga, na ɗaga ambulan sama.

"Jama'a, shekara biyu ana wasa da wannan dattijo. Yau sunan wanda ya yi masa haka yana cikin nan. Kuma ina rantsuwa, ko wane ne, komai girmansa, sai ya tsaya a gaban Malam Garba ya nemi gafara!"

Aka yi kabbara. Isiyaku, tsohon direban ma'aikatarmu wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Sakatare ikon Allah! Lauyan da bai shiga makarantar lauya ba!"

Na yage ambulan, na miƙa wa Hajiya Rakiya cikin isa, wai ita ta karanta don kada a ce na ƙara gishiri. (Gaskiyar magana, na hango dogayen kalmomi.)

Ta fara karantawa tana fassarawa. Hukumar ta ce kuɗin Malam Garba suna nan, ba wanda ya taɓa su. Na ɗan yi tari. Ta ci gaba. Matsalar ita ce, a takardar ɗaukarsa aiki da ta albashi, sunansa Abubakar Salihu. A fom ɗin rajistar fansho kuwa an rubuta Garba Maje. Don haka a wurin kwamfuta mutum biyu ne: ɗaya ya yi aiki ba shi da asusun fansho, ɗaya yana da asusu bai taɓa aiki ba.

Aji ya ɗauki surutu. Isiyaku ya ce, "Kai! Wane ne bai san Garba shi ne Abubakar ba? Ko jaririn Bahaushe ya sani!"

"Kwamfuta ba Bahaushiya ba ce," in ji Hajiya. "Ku saurara. Sun ce an tura masa saƙo a waya ya zo a gyara, ba a gan shi ba."

A nan Malam Garba ya ɗago ya dube ni.

Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na daki tebur. "To wane jahili ne ya cike masa fom ɗin? A faɗi sunansa!"

Hajiya ta buɗe shafi na gaba, kwafin fom ɗin ne. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo littafin taronmu da ke kan tebur, ta buɗe, ta ajiye su gefe da gefe.

"Sakatare," ta ce a hankali, "zo ka duba mana. Akwai wurin da wanda ya cike wa mutum fom yake sa hannu."

Ban buƙaci zuwa ba. Daga inda nake tsaye na hango wutsiyar. Ta lanƙwashe ta dawo, ga ɗigo biyu a ƙasa.

Sai komai ya dawo mini. Shekarun baya da aka kawo sabon tsarin fansho, ƙananan ma'aikata sun yi layi a gabana ina cike musu fom, ina jin kaina kamar darakta. Da aka zo kan Malam Garba ban tambaye shi komai ba. Me zan tambaya? Ai na san shi. Garba Maje muke ce masa, Garba Maje na rubuta, na ja wutsiya.

Isiyaku ya leƙa, ya riƙe ciki. "Jama'a, an kama ɓarawon! Ga shi nan da babbar riga! Sakatare, komai girmansa ka ce, ko?"

Dariya ta cika ajin, har wani ya zamo daga benci. Na so ƙasa ta buɗe. Babbar rigar nan ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Amma dariyar ba ta yi mini ciwo kamar maganar Malam Garba ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba:

"Sakatare, duk shekarun da muka yi muna cin kwano ɗaya, ba ka taɓa tambayar sunan ubana ba?"

Na tattare rigar na durƙusa a gabansa, a kan simintin aji. Na ce, "Malam, ni na rubuta. Saƙon wayar ma ni na goge, don ban iya karanta shi ba kuma na ji kunyar faɗa. Ka yafe mini."

Ina nan durƙushe har na fara jin zafin siminti a gwiwa. Sai Hajiya ta ce, "Ku tsaya, wasiƙar ba ta ƙare ba." A ƙarshenta hukumar ta jera abin da za a yi: takardar rantsuwa daga kotu cewa Garba Maje shi ne Abubakar Salihu, wasiƙa daga tsohuwar ma'aikatarmu, sannan a kai wa kamfanin su gyara.

Malam Garba ya ce, "To tashi. Na yafe. Amma kai za ka yi yawon."

Nan ne aka zo kan aikin da na iya da gaske. Rubutu ba nawa ba ne, amma bin fayil, wannan ko a mafarki. Na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa da wadda ake jira a bakinta. Na raka shi kotu, na kai wasiƙa, na karɓo wasiƙa, kuma duk takardar da aka ba ni sai na biya ta gidan Hajiya ta karanta mini kafin in buɗe baki.

Ruwan farko ya riga kuɗin sauka. Amma da masu gidaje suka koma Maje, sun tarar da Malam Garba yana shuka masara. Ya ce musu yanzu ya san kuɗinsa suna nan kuma ya san hanyarsu, don haka zai jira. Kafin masarar ta yi goyo wayarsa ta yi ƙara. Wannan karon Hajiya ya kai wa, ta karanta masa: kuɗin sun shigo.

Da kaka ya aiko mini da masara ɗanya cike da buhu. Ɗan acaɓan da ya kawo ya ce an ce a faɗa mini rabi daga Garba Maje ne, rabi daga Abubakar Salihu.

Har yanzu ni ne sakatare, don ba wanda ya yarda ya karɓa. Mambobi uku sun rubuta irin wannan wasiƙa bayan tamu, kuma ina ƙarfafa wa kowa gwiwa ya rubuta, don tambaya a rubuce ta fi shekara biyu ta zargi. Sai dai ina ba su shawara biyu. In za ka cike wa mutum fom, ko a ciki ɗaya kuka kwanta, tambaye shi sunan ubansa. In kuma amsa ta zo, ka buɗe ambulan a ɗakinka tukuna, kafin ka saka babbar riga.

Wutsiyar kuwa na yanke ta. Yanzu sunana kawai nake rubutawa, harafi bayan harafi.