Mayen Ƙarfena da Matakalar Motar Kyari

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da matakalar mota ta zaunar da ni a gaban mutanen unguwarmu ba. Na so in manta. Na ma roƙi Allah a kan haka. Sai dai mutanen Gure ba su bari.

Bari in fara da laifina na asali, don kar in ɓata muku lokaci: ina kishin ƙanena Kyari. Ba yau na fara ba. Ni ne ɗan fari, kuma ni aka cire daga lakwal, wato makarantar boko, ina aji shida aka tura Nguru koyon gyaran mota, shi kuwa aka bar shi ya yi ta karatu har Yamai, daga can ya wuce Faransa. Ban da wannan, Innarmu ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Ni "kai" ne, ko "wannan". Shi kuwa sai ka ji ta ja sunan kamar tana lasar zuma, "Kyaaari." Na san al'ada ce. Na kai shekara sittin ina sane da cewa al'ada ce, amma duk lokacin da ta ja sunan nan sai kishin ya motsa.

To, a shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta rufe wa Inna ido biyu, ga kuma ciwon ƙugu da ya hana ta zaman mota. Aka ce likitocin ido za su zo Damagaram su yi 'yan kwanaki, aka samo mata randebu, wato lokacin ganin likita, a ranarsu ta ƙarshe, da sharaɗin ta iso kafin la'asar. Sai ga Kyari ya iso da wata farar mota da ya sauke a Kwatano ya tuƙo har gida. Mota ce mai ɗaki a ciki: ga gado, ga murhu, har da makewayi. Ya ce don Inna ya kawo ta, ta yi tafiyarta a kwance.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a ba gadon ba ne, matakalar ce. Motar na da tsawo, ƙofarta ta kai wa mutum ƙugu. Amma da an buɗe ƙofar sai matakala mai hawa biyu ta fito daga ƙarƙashi da kanta, zuuu. Da an rufe ta koma. Kwana uku mutane na zuwa kallo. Malam Bukar tela, abokina tun na yarinta, ya ce mini, "Shekara arba'in kana ƙarƙashin motoci, ka taɓa ganin wadda ke yi wa mutum sannu da zuwa?" Na yi dariya (irin dariyar da haƙora kaɗai ke yi). Inna kuwa ta sa aka kai hannunta kan matakalar, ta shafa, ta ce, "Kyaaari, Allah ya yi maka albarka." Ni da na shekara ashirin ina kai ta gidan likita a bayan tsohuwar akori-kurata, ban taɓa jin ta shafa ko taya ba.

Ranar tafiya da sassafe Kyari ya zo da kansa har ƙofar gidana, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce, "Yaya, matakalar nan na ɗan kuka in za ta fito. Ina jin rairayi ne ya shige ta. Ko za ka zo ka sa mata mai kafin mu kama hanya?"

Aikin minti biyar ne. Na ɗauki akwatin kayan aikina na bi shi ina tafiya a hankali, don unguwa ta ga wa aka zo nema.

Yanzu sai na gaya muku wata ɗabi'ata. Duk wanda ya yi gyara a Gure ya san rairayinmu ba ya mayar da abin da ya haɗiye. Kusa ta faɗi, ta tafi ke nan. Saboda haka ina da wani mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar lasifika, faɗinsa kamar tafin hannu. Duk motar da zan taɓa, sai in fara manna shi a jikinta, in riƙa liƙa masa kusoshin da na kwance. Hannuna na yin haka ba tare da ya shawarce ni ba. Ranar ma haka ya yi. Ƙofa na buɗe, matakala na waje, na lalubi inda zai kama a bakin ƙofar, ya kama wajen ƙarfen makulli. Na juya don in amsa gaisuwar Malam Bukar. Ko da na waiwayo, matakala ta shige ciki.

Kyari ya rufe ƙofa ya buɗe. Shiru. Ya sake. Shiru.

Ina roƙon Allah gafara, amma gaskiya ita ce wani sanyi na ji ya ratsa ƙirjina, kamar na sha ruwan randa. Na gyara fuska na ce, "Af. Ai dama."

Na shiga aiki. Na duba fizibil, wato fis ɗin wuta, lafiyarsa lau. Na duba batir, cike yake. Na kwanta a ƙarƙashi na kankare wayar da ke haɗe da jikin mota har ta yi ƙyalli. Na wanke gaɓoɓin matakalar da man gazuwal, wato dizal, na shafa musu giris. Na buɗe ɗan injin da ke tura ta, na ga haƙoransa sababbi fil, na mayar na rufe. Kowace kusa na kwance sai na miƙe in liƙa ta a jikin mayen ƙarfena, in kuma ciro ta in mayar. Wato sau talatin ko fiye hannuna ya taɓa abin da ya jawo matsalar. Kuma duk abin da na duba na tarar da shi lafiya sai raina ya ɓaci, domin ni babbar cuta nake nema wa motar, irin wadda za a daɗe ana labari.

Hantsi ya yi. An shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar itacen bedi, ta yi shirinta tun asuba, sandarta a gefe. Mutane sun taru. Malam Bukar ya ce, "Ku kawo benci mana ta taka. Ko kuwa a ɗaga ta."

Inna ta ce, "Ni ba buhun gero ba ce. Amma bencin a kawo."

Kyari ya ce haka za a yi, gyara ya jira sai sun dawo. A nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa fiye da faɗuwar da ta biyo baya. Na fito daga ƙarƙashin mota na karkaɗe riga na ce, "Ku tafi mana. Amma ku sani waya ce ta haɗu a ciki. In wuta ta tashi a tsakanin nan da Gidigir, Inna na kwance a gado, kar a ce ban faɗa ba."

Ban ga wata waya da ta haɗu ba. Ban ji ƙaurin komai ba. Kawai ba na so motar ta tashi ba tare da an ce ni na tashe ta ba, ko kuma, in ta ƙi, a ce Kyari ya sayo gawa. Kyari ya dubi Inna, ya dube ni, ya sa aka mayar da benci. Ya yarda da ni, domin ni ne yayansa kuma ni ne makaniki.

Wajen sha ɗaya ya ɗauko littafin motar, wani mai kauri da Faransanci, ya tsuguna kusa da ƙafafuna yana buɗawa. Ya ce, "Yaya, sun ce a nan akwai wani ɗan abu a bakin ƙofa da ke gaya wa matakala ko ƙofa na rufe. Da eman yake aiki. Eman... yaya ma ake ce masa da Hausa?"

Ni Faransancina ya tsaya inda aka cire ni daga lakwal, sana'a kuma da Hausa na koye ta. Ban san kalmar ba. Da na yi shiru na numfashi ɗaya, da ya kwatanta mini. Amma littafi ne a hannunsa, kuma littafi a hannun Kyari ya fi komai tayar mini da tsohon miki. Sai na leƙo da kai na ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

"Jama'a, kun ji? Mushe, Baturen gidanmu, ya gano cutar. Ya ce motar imani ne ba ta da shi. A kira liman ya yi mata wa'azi."

Aka kwashe da dariya. Malam Bukar har da riƙe ciki. Kyari ya rufe littafin a hankali ya koma gefe ya tsaya.

Aka yi azahar. Muka yi salla muka dawo. Kowa ya san lissafin hanya: in ba a tashi yanzu ba, la'asar za ta yi musu kafin Damagaram. Ni kuwa na ƙare dabaruna, saura jawabi. Na tsaya daidai ƙofar motar, na ba ta baya, na fuskanci jama'a da sifana a hannu. Na fara bayanin cewa Turawa ba su sayar da abu mai kyau, sai wanda ya gaji, kuma duk wanda zai sayi mota ya kamata ya tambayi na gaba da shi, ko da na gaban nan bai yi dogon karatu ba.

Ban lura Inna ta tashi ba. Ta dogara sandarta, ta lalubo jikin motar har ta iso gefen ƙofa. Ta ce ita dai za ta hau ko da rarrafe ne, wuta kuma in ta ga dama ta ci. Makullin akwatinta na ɗaure a bakin mayafinta, kamar kullum. Tana kama bakin ƙofa sai makullin ya yi tsalle, ƙas.

"Wa ya riƙe mini mayafi?"

Ta shafa, ta ji wani abu mai nauyi da maiƙo. Ta ce, "Wane irin datti ne wannan aka liƙa wa motar yaro?" Ta ɓamɓare shi.

Zuuu.

Matakalar ta same ni daidai bayan gwiwa, a tsakiyar kalmar "karatu". Ƙafafuna suka lanƙwashe, na zauna daɓas a kan hawa na ƙasa, hulata ta gangara gaban Malam Bukar, sifana ya tashi sama. Ko kukan da take yi da safe babu, don na sa mata giris mai kyau.

Kyari ya karɓi abin daga hannun Inna, ya juya shi, ya dube ni. A hankali, ba da izgili ba (da ma da izgili ne, da ya fi mini sauƙi), ya ce, "Yaya, wannan shi ne eman."

Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu kamar ƙwallon dabino a bakin ƙofa, daf da inda na manna nawa. Ɗan'uwansa na jikin ƙofar, ƙaramin mayen ƙarfe ne. In sun haɗu, matakala ta san an rufe, sai ta shige. Ni kuwa na kawo mata uban mayu na ɗora a kai, tun safe baiwar Allah tana jin ƙofa a rufe take.

Malam Bukar ne ya fara dariya, sauran suka bi. Har matan da ke leƙe ta kan katanga. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tambayi Kyari, "To wayar da za ta kama wuta fa?" Kyari ya dube ni. Ni kuwa na tashi neman hulata. Ta gane.

Ta taɓa kafaɗata da sandarta. "Kai, tashi, ba don kai aka yi ta ba. Ashe motar na da nata imanin. Wanda ya shanya uwarsa tun safe shi za a nema wa."

Ta taka hawa biyun nan da ƙafarta ta shige.

Sun isa Damagaram an riga an rufe karɓar mutane. Inna ta ƙara wata biyar cikin duhu kafin a samu wata damar. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ban taɓa mayar da shi abin dariya ba. A watannin nan ni ke kai mata ruwan alwala kullum, ba ta hana ni ba, ba ta kuma tayar da maganar ba. Na je na sami Kyari kafin ya koma na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Yaya, ai kuskure ne." Na ce mannawar ce kuskure, sauran da gangan na yi. Sai ya ce shi ma tun yana yaro yake jin haushin yadda Baba ke zama da ni a garaji suna hira kamar abokai, shi ana kora shi ya je ya yi karatu. Ban taɓa sanin akwai abin da nake da shi da wani zai so ba.

Da aka yi aikin idon, a akori-kurata muka je, na shimfiɗa mata katifa biyu a baya. Ranar da aka cire mata bandeji ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ashe haka ka tsufa." Sannan ta ce, "Mai Imani, miƙo mini sandata."

Shekara sittin ina jiran ta kira ni da suna, ga wanda na samu. Har Allah ya karɓi abarsa da shi take kirana, kuma takan ja shi kaɗan in tana cikin nishaɗi. Yanzu duk Gure haka suke ce mini, baƙi kuma sukan ɗauka wani babban malami ne, har su rage murya in za su gaishe ni. Ba na gyara musu.

Mayen ƙarfen bai dawo hannuna ba, Inna ta riƙe shi tana tsintar allura. Ni dai abin da ya rage mini shi ne wannan: duk ranar da kayan wani ya lalace na ji sanyin nan ya fara ratsa ƙirjina, ba na taɓa sifana. Sai in fara zagayawa tukuna, in duba ko akwai abin da na liƙa masa a bakin ƙofa.