Jan Biro a Ɗakin Bincike

Wani ne, tsohon malamin makaranta, ya yi ritaya ya dawo gida da jan bironsa. Mutum ne da bai taɓa ganin kuskure ya wuce ba. Kwalin magani ya gyara, kalandar bango ya gyara, har katin gayyatar bikin ƙanwar matarsa sai da ya mayar wa masu shi da "a sake rubutawa" a ƙasa. Matar ta gaji. Da ta ji wata cibiyar bincike ta buɗe kwas na nazarin ƙwayoyin halitta a kwamfuta, kuma wanda ya yi ƙoƙari za a riƙe shi aiki, ita da kanta ta goge masa riga.

"Malam, ka je. Amma wallahi in aka koro ka, renon jikoki za ka kama. Har goyo sai ka yi. Na gaya maka."

Gogan naka ya tafi. Ɗaki ne mai sanyi, kwamfutoci a jere, ga kujeru masu juyawa da ba sa barin mutum ya zauna da mutuncinsa. Ya kama ta gaba. Mai koyarwar wata Dakta ce, wadda a ganinsa ko alli ba ta isa riƙewa ba.

Dakta ta ce, "A jikin kowane mutum akwai rubutun da ya gada daga iyayensa. Na'ura ce take karanto mana shi daga yawun mutum. Da harafi huɗu kacal aka yi shi: A, T, C da G."

Ya ɗaga hannu. "Sauran fa?"

"Sauran me, Baba?"

"Sauran haruffan."

"Babu wasu."

"Wasali ɗaya tal? To aya fa? Waƙafi fa?"

"Babu, Baba."

Ta kunna babban allo. Sai ga layi ya miƙe, A, A, A, A, T, T, T, ba iyaka. Mutumin ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"'Yar nan, na'urar taku in'ina take yi. Wa ya koyar da ita?"

Aji ya kwashe da dariya. Shi kam ko murmushi, don tambaya ya yi kuma ba a ba shi amsa ba.

Dakta ta ci gaba. Ta ce bayanan ɗaruruwan mutane ne a kwamfutar, wasu masunta ne na bakin kogi, wasu manoma ne na kan tudu. Ana so a gano yadda danginsu ya haɗu da inda ya rabu. Ta nuna layin da ke can sama.

"Wannan shi ne ma'auni, da shi ake gwada na kowa. Duk inda harafin mutum ya saɓa da shi, kwamfuta za ta shafa masa ja."

Ja! Daga nan mutumin bai sake jin komai ba. Ga amsar malami a sama, ga takardun ɗalibai a ƙasa, ga kuskure an ja masa layi. Ashe aikinsa ne na da aka sake wa suna. Dakta tana ta bayanin cewa jajayen nan su ake nema, shi kuwa yana can yana naɗe hannun riga.

Aka raba wa kowa kasonsa. Dakta ta ce a tsabtace bayanan, wato a cire wuraren da na'ura ba ta karanta da kyau ba. Gogan ya buɗe nasa, ya ga ja ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Wannan ya sa T inda ma'auni ya sa C. Wancan ya tsallake haruffa biyu. Wani masunci ma ya ƙara nasa daga aljihu.

"Kai! Wannan ko ajin baya ba a yi haka ba."

Ya fara gyara ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga abin ba ya ƙarewa, ya juya ga wani likitan dabbobi da ke kujerar gefe.

"Likita, in mutum yana so ya musanya harafi a wuri da yawa lokaci guda, yaya ake yi?"

Likita ya nuna masa, bai tambayi dalili ba, ya fita cin abincin rana da sauran. Mutumin ya tsaya. Ya gama nasa. Ya leƙa na abokan karatu, ya tarar duk sun bar ja birjik sun tafi cika ciki. 'Yan zamani ke nan! Ya gyara musu. Da ya zo adanawa, kwamfuta ta rubuto masa, "Ka tabbata?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu. "Ni kike tambaya?"

Ya danna da ƙarfi.

Washegari Farfesa, shugaban cibiyar, ya shigo ganin sakamako. Dakta ta yi bayani cewa kowane mutum zai fito a matsayin ɗigo, masu kusancin jini su taru gefe guda. Ta danna. Allo ya fito fari fat, sai ɗigo guda a tsakiya.

Dakta ta sa farce ta kankare. Farfesa ya matso ya hura. Ya ciro hankici ya goge.

"Ba kashin ƙuda ba ne," in ji gogan, ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Aikina ne."

"Wane aiki, Baba?"

"Gyara. Duk na daidaita su da amsar da ke sama. Yanzu ko kuskure ɗaya babu."

Dakta ta dafa tebur. "Baba, bambancin nan shi ne binciken! Shi muke nema! Ka mayar da masunta da manoma, tsoho da yaro, duk mutum ɗaya!" Ta ja numfashi. "Allah Ya taimake mu akwai kwafin ajiya."

"Kwantar da hankalinki, na gan shi. Shi ma kuskuren iri ɗaya ne. Na gyara."

"Wayyo! Aikin damina guda, ga shi nan ɗigo ɗaya ce!"

"Ɗaya ne. Ɗigo namiji ne."

"Baba, tashi ka fita!"

Nan take ya hango zanen goyo. Ya riƙe kujera gam.

"Babu inda za ni. Ranka ya daɗe, Farfesa, a bi mini hakkina. Cewa aka yi a tsabtace, ko ba haka aka ce ba? Na tsabtace. Da yunwa na yi aikin nan, waɗannan suna can suna lasar yatsu. A gaban aji aka ci mutuncina, a gaban aji za a ba ni haƙuri. Na'urar nan kuma a mayar da ita inda aka koyar da ita."

Farfesa ya zauna a hankali, kujera ta juya da shi, ya dawo da ita. Ya tambayi Dakta ko za a iya sake karantawa. Ta ce yawun da aka karɓo daga mutanen ya ƙare a gwajin farko, sai dai a koma a bi su da kwalba, gida gida.

Farfesa ya dubi mutumin. "Malam, ba za mu kore ka ba. Kora ma sauƙi ce. Kai za ka shiga kwalekwale, kai za ka hau tudu, ka roƙi kowa ya sake tofa mana yawu a kwalba. Kowa da kowa."

Gogan ya yi tsaki. "Ku dai kuna son wahala. Ba yanzu ta ce duk mutum ɗaya ne ba? Miƙo kwalbar in tofa."