Dattijuwa, Firizar Mama, Ta Cika. Ba Za A Naɗa Magajiya Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ko da yake bai kai ta ga hawaye ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk mai ajiya a gidan nan rasuwar firizar mahaifiyarmu, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika da hantsi, a gurbinta na kullum, cikin lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin Mama, bayan doguwar jinyar da mutanen gidan nan suka ƙi yarda jinya ce.

Marigayi Baba ne ya shigo da ita tun ina rarrafe. Sai da aka cire ƙyauren lungun kafin ta shige. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce fara ce sol. Ni na san ta da launin haƙorin tsoho, da tsatsa a gindi, da murfin da ba ya zama sai an ɗora masa bulo biyu.

Mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ba ta taɓa cewa ta cika ba. Duk layin nan ya ci arzikinta: mai shago da lemonsa, matar tela da kifinta, masu zazzaɓi da ƙanƙarar ɗora wa goshi. Ta san wanda ya ajiye cinya guda, ta san wanda ya ƙunshe ƙasusuwa a leda uku ya ce nama ne, ba ta kuma tona asirin kowa ba. Ba ta da yawan magana. Da ƙuruciya takan ce, “Gurrr... ƙyat,” ta yi shiru ta huta. Da tsufa ya kama ta sai ƙyat ɗin ya ɓace, ya rage gurrr kaɗai, safe da yamma, ba numfasawa. Mutanen gida suka ce ƙwazo ne.

Babban aikinta ba sanyi ba ne, kuma gara in faɗa tun yanzu. Gwiwoyin Mama sun daina kai ta ko bakin ƙofa. Kujerarta na fuskantar lungun. Duk mai kawo ajiya ko mai ɗauka dole ya bi ta gabanta, ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambaye shi yara, ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi daga layin. Da haka Mama ke zaga unguwa tana zaune. Na san wannan. Kada wani ya zo ta'aziyya ya koya mini.

Ga yadda aka gano ciwon. Na dawo daga karatu a ƙetare ba da wani abin kirki ba sai iya awo. Kowane gida na da hayaƙinsa, har da wanda ido ba ya gani. Wutar lantarkin da muke sha, wani abu aka ƙona a wani wuri kafin ta iso mana. Ga man janareto, ga gas ɗin girki, ga mota. Duk suna tura iskar kabon sama, ita kuma tana ƙara wa duniya zafi, zafin da ke sa mu neman ƙanƙara. Na ce bari in ga rabon gidanmu. Na samo 'yar na'urar da ake sawa tsakanin soket da kayan wuta, tana nuna abin da kowa ke ci. Na auna fankoki, na auna talabijin, dutsen guga, injin jan ruwa, da ƙaramin firjin kicin. Na duba abin da janareto ke sha. Sannan na zo kan Dattijuwa.

Wutar da take ci ita kaɗai ta fi ta sauran a haɗe. Robar bakinta ta mutu tuntuni, saboda haka lungun take sanyayawa, ba cikinta ba. Ƙanƙara ta yi mata katanga a ciki har ta cinye rabin wurin ajiya. In an ɗauke wuta kuwa, dominta kaɗai ake tayar da janareto, a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagar Mama. Tarin da Mama ke yi da safe, kowa ya ce na tsufa ne.

Na gaya wa Yaya, babban wanmu, a waya. Ya yi dariya har da tari shi ma.

“Ke Baturiya, mu da ko jirgi ba mu taɓa hawa ba, mu ne za mu ɗinke sararin sama? Je ki gaya wa waɗanda suka koyar da ke.”

Na ce na gaya musu, a garinsu, ido da ido. Su suka fi kowa ɓata saman, ba ni da musu a kan haka. Jirgin da ya kai ni ya dawo da ni ma na sa shi cikin awon, ya yi nauyi, ban sake hawan wani ba. Amma hayaƙin da ke ƙarƙashin tagar Mama ba daga ƙetare aka aiko shi ba. Namu ne, kuma ƙirjinta yake shiga.

Ya ce, “To, sannu, mai awon duniya.” Ya kashe waya.

Ina jin abin da ake faɗa a layi, cewa ni na zare mata waya na kashe ta. Ban kashe ta ba. Ni na narkar mata da ƙanƙarar ciki da ruwan ɗumi. Ni na sa aka canza mata roba, na janye ta daga jikin bango don ta sha iska, na share ƙurar da ta toshe mata baya tun zamanin Baba. Masu kukanta yau babu wanda ya taɓa goge mata murfi. Ta ɗan ji sauƙi, har ƙyat ɗinta ya dawo na wani lokaci. Amma an makara. Ranar da za ta tafi ta ce, “Gurr... gurr... tak.” Mai gyara ya zo, ya dafa injinta, ya shinshina, ya ce ya ƙone, kuma irinsa ko a kasuwar tsoffin kaya sai an dace. Na ce kada ya nema.

Da aka buɗe ta don mayar wa kowa nasa, abin Mama a ciki kaza ɗaya ce da gorar ruwa. Sauran duk na jama'a ne. A can ƙasa an tono ledojin mutanen da suka bar layin nan tun kafin in tafi karatu, da wani dunƙule da aka rasa mai cewa kifi ne ko nama. Shekara da shekaru muna ƙona mai muna sanyaya abin da masu shi suka manta da shi.

Ta rasu ta bar bulo biyu, masu yi mata hidima har ranar ƙarshe. Ta bar janareto, abokin zamanta, wanda yanzu aka rufe da buhu, ba a tashinsa sai don jan ruwa. Ta bar ƙaramin firjin kicin, ɗan ƙanwarta, mai cin kaɗan, wanda ya ishi mutum biyun da ke kwana a gidan nan. Ta bar tabon tsatsa mai kusurwa huɗu a siminti. Ta kuma bar masu ajiya da yawa, waɗanda tun ranar da suka kwashe kayansu ƙafarsu ta ɗauke.

Matar tela ta leƙo sau ɗaya. Daga bakin ƙofa ta ɗaga murya: “Mama, ya haƙuri? Yaushe sabuwar za ta iso?” Ba ta ko cire takalmi ba.

Yaya ya ce ya ga wata, mai murfi biyu, ta fi marigayiya girma, zai sa a mota a kawo. “Ki bar Mama ta ga mutane, Baturiya. Ke ba ki san zafin zaman kaɗaici ba, kin saba da shi a can.” Na ce masa mutanen da sai an ba su ƙanƙara za su gaishe da uwarmu, gara mu san su tun yanzu. Ya ce bakina ya fi na'urata kaifi.

Gida na Mama ne, don haka na durƙusa na tambaye ta. Ta daɗe tana kallon inda Dattijuwa take. Ta ce, “Auta, ke kika auna, ke kika san abin da kika gani. Tarin ma ya yi sauƙi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni dai kada a bar ni da bango.”

Na karɓa a haka. Saboda haka ana sanar da kowa cewa ba za a naɗa wa marigayiya magajiya ba. Motar da ta kawo wata, ita za ta mayar da ita, kuma direban zai sha ruwa kafin ya juya.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Asabar da safe mai gyara zai zo da tukunyarsa ya zuƙe gas ɗin da ke cikin jijiyoyinta, domin irin na tsoffin nan in ya tsere sama ya fi hayaƙi ɓarna nesa ba kusa ba. Sai bayan haka za a miƙa gawar ga masu sayen tsoffin ƙarafa. An yi sharaɗi da su: ba sara da gatari, ba ƙona wayoyi a bayan gida don fitar da jan ƙarfe. Zan raka ta har inda za a kwance ta, in tsaya a kansu. Ba a bukatar masu kuka. Masu ƙarfi huɗu ake bukata, domin tana da nauyi.

Zaman makoki a nan lungun za a yi shi, ba kuma a sa masa ranar tashi ba. Da an fitar da ita za a ajiye benci a gurbinta, yana kallon kujerar Mama. Akwai ruwa a tulu, mai sanyi daidai gwargwado. Babu ƙanƙara, ba kuma za a samu ba. Kowa ya zo a lokacin da ya saba zuwa ɗaukar ajiyarsa, hannu sake, ya cire takalmi ya shigo ciki.

Wanda bai zo ba, ba zan bi shi gida ba, ba kuma zan saya masa firiza ba. Bencin na ɗaukar mutum huɗu. Wuri ɗaya nawa ne, kullum, ko da sauran ukun sun zauna babu kowa.

Sanarwa daga autar gidan, a madadin kanta. Yaya ya ce kada a sa shi a ciki.